Mai sayen gida a Yamai, ka ware kuɗin takardu

Jama'a wallahi kuɗin gida daban, kuɗin takardu daban. Na raka yayana wajen noter (ma'aikacin shari'a mai rubuta takardun ciniki ya tabbatar da su) kan gidan da ya saya a unguwar Banifandu, abin ya tsaya min a rai. Harajin rajista mai saye ne ke biya, kaso ne cikin ɗari na farashin da aka rubuta a takardar ciniki, in gida ya yi tsada shi ma ya hau, ga tambur, ga ladan noter, ga kuɗin maida titir fonsiye (takardar mallakar gida) da sunanka. Wasu dillalai sai su ce a rage farashi a takarda, don Allah kar ku yarda, ma'aikatan lanho suna iya sake ƙimanta gidan su ɗora maka tara a kai.