'Ya'ya sun hana ni barci

'Yan uwa masu koyon haɗa shafin intanet, yau dai Allah Ya yanke mini wahala, amma sai da na kwana biyu ina kokawa da kalma ɗaya tak: 'ya'ya.

Tatsuniyoyi 14 na buga a Word, na kwafo su cikin HTML ɗina. Da na buɗe shafin sai na ga â€˜yaâ€™ya, kowane ƙ kuma ya koma Æ™. Wannan laifina ne, na manta ban sa layin UTF-8, wanda ke gaya wa burauza yadda za ta karanta haruffa, a kan shafin ba. Minti biyu na gyara, har na fara yi wa kaina kirari.

Ashe da sauran rina a kaba. Na rubuta 'ya'ya a akwatin bincike da na haɗa, ya ce babu, alhali kalmar tana cikin kusan kowace tatsuniya. Na zargi kod ɗin da na rubuta, na goge, na sake, na yi ta kallon bidiyo har datar sati guda ta ƙare a dare ɗaya. Abin ya yi mini ciwo, wallahi. Sai da na ƙara girman rubutun sosai na lura hamzar farko ta karkata gefe guda, ta biyu ta karkata ɗaya gefen. Word an saita shi ne don Turanci, duk alamar da ta zo a farkon kalma yana ɗauka buɗe zance ake, sai ya lanƙwasa ta. A ido kusan abu ɗaya ne, a wurin kwamfuta haruffa uku ne daban: miƙaƙƙiya U+0027, sai U+2018 da U+2019. Mutanen Nijar da ke rubuta ƴ sun huta da rabin wannan, ko da yake sa'a da ma'ana na jiran su.

Maganin yana File, Options, Proofing, AutoCorrect Options. A AutoFormat As You Type na cire alamar da ke kan smart quotes, wato zaɓin da ke lanƙwasa alamomin zance, na cire ta AutoFormat ma don hankalina ya kwanta. A nan na gano abin da ke mayar mini da "i" ta amsa kira zuwa babban baƙi, na goge shi daga jerin.

Kashewar ba ta taɓa tsohon rubutu, wannan ma ya ci mini rabin yini. Dabarar ita ce Ctrl+H, ka sa miƙaƙƙiyar hamza a akwatin nema na sama da akwatin sauyawa na ƙasa, ka sauya duka. Kamar wasa, amma tana miƙe su gaba ɗaya. Yanzu bincike na kawo 'ya'yan Gizo har da na Ƙoƙi.

Saura hotuna. Uku ba sa fitowa, kuma na riga na hango lanƙwasassun alamomin zance a gefen src ɗinsu, wato inda ake rubuta adireshin hoto a HTML.