Gudu da Abin da Ya Koya Mini Kan Wuya da Daɗi

Ana cewa bayan wuya sai daɗi, amma ba kowace wuya ce daɗi ke biyo bayanta ba. Na ɗauki gudu don in gane bambancin a jikina, domin wahala ce da mutum ke iya aunawa, ya ƙara ko ya rage yadda yake so.

Tsarin da na bi sananne ne ga masu farawa. Kwana 3 a mako, ana barin kwana ɗaya tsakani. A fara da tafiya mai sauri ta minti 5 don jiki ya saki, sai gudu na daƙiƙa 60, tafiya ta daƙiƙa 90, a yi ta maimaitawa har minti 20. Kowane mako a tsawaita gudun a gajarta tafiyar, har cikin mako 9 a kai minti 30 ba tsayawa. Ma'aunin sauri kuwa shi ne magana: in ba ka iya furta jimla guda ba tare da haki ya katse ta ba, ka wuce kima.

Makonnin farko babu daɗi ko kaɗan, kuma gara a san haka tun da wuri. Ƙirji na zafi, ƙafafu sun yi nauyi, tsamin jiki ya zo washegari ya tsananta tsakanin awa 24 zuwa 72. Wannan tsamin yana bazuwa cikin tsoka, a ƙafafu biyu, yana sauƙi idan an motsa. Ciwon da ya tsaya wuri guda, a gwiwa ko ƙashin ƙwauri, yana ƙaruwa da kowane taku, rauni ne, a dakata. Matsewar ƙirji ko jiri kuwa na likita ne, ba na jarumta ba.

Daga baya sai abu ya juya. Wahalar cikin gudun ta ragu, natsuwar da ke biyo bayansa ta ƙaru, tana kai awanni. Masana halayyar ɗan Adam Richard Solomon da John Corbit sun bayyana wannan a 1974: duk wani ji mai ƙarfi, jiki na tayar masa da kishiyarsa don ya dawo daidai, kuma maimaitawa na ƙarfafa kishiyar. Solomon ya ba da misali da masu dirowa daga jirgin sama da lema. Sabon shiga firgici yake sha, ya sauka a ruɗe. Gogagge ɗan fargaba kawai yake ji, ya sauka cikin murna mai daɗewa. Abin da ya fi girgiza ni shi ne dokar tana aiki ta ɗaya ɓangaren ma. Daɗin da ake samu ba wuya, in aka yawaita shi, yana dusashewa ya bar ƙunci a bayansa, kuma ta nan jarabar shaye-shaye ke kama mutum.

Yadda aka gama ma yana da tasiri. A 1993 Daniel Kahneman da abokan aikinsa sun sa mutane tsoma hannu cikin ruwa mai sanyin digiri 14 na daƙiƙa 60. A wani zagayen suka ƙara daƙiƙa 30, ruwan na ɗan ɗumi zuwa digiri 15. Da aka ce su zaɓi wanda za su maimaita, mafi yawansu suka zaɓi mai tsawon, ko da yake wahalarsa ta fi. Zuciya ta fi riƙe lokacin tsanani da kuma ƙarshe. Saboda haka ba na rufe gudu da tsere. Mintuna 5 na ƙarshe tafiya ce a hankali, numfashi na komawa daidai. Wanda yake gamawa a galabaice kullum, ƙyamar abin yake tarawa, kuma shi ne zai fara neman uzuri.

Akwai iyakar da nake so a kiyaye. Wuyar da ta amfane ni ni na zaɓe ta, na san lokacin ƙarewarta, akwai hutu a bayanta. Ciwo mai tsanani, talauci, zalunci da rashin masoyi ba su da waɗannan sharuɗɗa. Binciken Mark Seery da abokansa na 2010 ya gano cewa waɗanda suka sha matsakaiciyar wahala a rayuwa sun fi samun lafiyar ƙwaƙwalwa da gamsuwa a kan waɗanda ba su sha komai ba, amma kuma sun fi waɗanda masifu suka yi wa yawa. Don haka ba na ce wa mai makoki wahalarsa riba ce. Taimako yake buƙata.

Ko a gudun, alamar an zarce a bayyane take: barci ya lalace, bugun zuciyar safiya ya haura yadda aka saba, fushi ya yawaita, natsuwar bayan gudu ta daina zuwa. Idan biyu daga cikinsu suka haɗu, ina rage nisan makon da rabi, in ƙara kwanan hutu ɗaya, ba na komawa tsohon ma'auni sai barcin ya daidaita.