Zane a Takarda Kafin Buɗe Kwamfuta

Shafin intanet na farko da aka biya ni na gina na wata makaranta ce mai zaman kanta a garin Gombe. Muna gama magana da shugaban makarantar na koma gida na buɗe WordPress, manhajar da ake gina shafukan intanet da ita, na zaɓi launi, na jera hotunan ɗalibai. Bayan mako uku na kai masa aikin, ya duba ya yaba, sannan ya ce, "To Malam, iyaye ta ina za su ga sakamakon 'ya'yansu?" Ban tanadi wurin ba, domin ban tambaya ba, shi kuma ya ɗauka abu ne da ba sai an faɗa ba. Sai da na rushe kusan rabin aikin.

Magini ba ya ɗora bulo sai ya ja igiya ya shata harsashi a ƙasa, mai gida ya zagaya ya ga inda zaure zai tsaya. Tun daga wannan aiki haka nake yi wa shafi. Nakan fara da taswira: akwati ɗaya a sama a matsayin shafin farko, sauran shafukan a ƙarƙashinsa, layi yana haɗa kowanne da inda ya fito. A nan ake ganin shafin da aka maimaita da wanda babu hanyar isa gare shi.

Zanen da ya fi yi mini amfani shi ne na hanyar da mai ziyara zai bi, wanda ake yi da kibiyoyi, kuma duk inda hanya ta rabu biyu a saka tambayar da amsarta e ce ko a'a. Da na zana yadda uba zai biya kuɗin makaranta, kibiya ta kai ni wurin da ban taɓa tunani ba: idan banki ya cire kuɗi, sabis ya ɗauke kafin shafin ya nuna an biya, me mutumin zai gani, kuma wa zai kira? Duk mai tura kuɗi ta waya a ƙasar nan ya san wannan tashin hankali, amma ban tuna da shi ba sai da kibiya ta rasa inda za ta sauka.

Kwarangwal na kowane shafi, wato zanen inda rubutu da hoto da maɓalli za su zauna, shi ne zane na ƙarshe, kuma da faɗin allon waya nake fara shi, tunda da ita yawancin mutanenmu suke shiga intanet.

Akwai manhajoji irin su draw.io da Figma, ina kuma amfani da su wajen tsabtace zane, amma a gaban wanda ya ba ni aikin fensir na fi so. Na lura cewa idan zane ya yi kyau sosai, mutanenmu sukan ji nauyin kushe shi, su yi ta cewa madalla har sai gyara ya yi tsada. Zanen fensir ba ya sa kowa kunya. Wata Hajiya mai sayar da turaren wuta ta taɓa karɓar fensirin daga hannuna, ta soke akwatin da na ware wa rajistar masu saye, ta ce, "Ɗana, masu sayen kayana a WhatsApp suke ciniki, ka kai su can kawai." Akwati huɗu ne suka rage a takardar, kuma su muka gina.