Farar shaddar Juma'a

Asabar. Na tashi da nishaɗi, wainar safe ta yi kyau, har Inna ta ƙara. Sai na je bayan ɗaki na ga bokitin ruwan da na tara jiya da daddare. Lokacin da na tara shi garau yake, kana hango gindin bokitin. Yau ya koma ja kamar ruwan kududdufi, ga wani maiƙo-maiƙo a sama.

Allah ya kawo Kawu da hantsi zai wuce Argungu. Na ce, "Kawu, don Allah zo ka ga ruwan burtsatsen nan namu, ko wani abu ne ya faɗa tanki." Ya tsuguna, ya shinshina, ya dangwala a harshe. Ya tambaye ni: fitowa yake ja tun daga famfo da asuba sannan ya washe, ko fari yake zuwa sai ya kwana ya rine? Na ce sai ya kwana. Ya ce to ba tsatsar bututu ba ce, ƙarfe ne daga ƙasa, kuma shi da ya yi shekaru yana haƙa a yankin Gwandu bai ga baƙon abu ba. Can ƙasa babu iska, ƙarfen a narke yake, ido ba ya ganinsa. Da ya sha iska sai ya zama tsatsa ya kwanta. Wai da ya wuce miligiram 0.3 a lita, ma'aunin da aka tsayar wa ruwan sha a Najeriya, sai ya fara ɓata wanki. Shi ne ma ke sa shayina baƙi ƙirin, ni kuwa ina ta sauya ganye.

Maganin bai kai yadda na ji tsoro ba. A huhhuda tire a ɗora bisa tanki, ruwa ya riƙa zubowa yayyafi-yayyafi yana shan iska, a bar shi ya kwanta, sannan ya bi ta duro mai tsakuwa a ƙasa, yashi mai laushi a sama. A riƙa wanke yashin in ya toshe. Kafin nan, in kwanar da ruwa a buɗe, in tsiyaye na sama.

Daga nan na ɗauko masa farar shaddar Baban yara. Ya dubi ɗigo-ɗigon ya ce, "An sa mata bilic ko?" Na ce ni na ce a sa. Ya ce bilic ɗin ne ya fito da tsatsar nan take, ya manna ta a zare.

Gabana ya faɗi. Sati uku ke nan da na tsayar da Auta a tsakar gida, gaban 'yan haya, na ce ta shanya rigar babanta a kan waya mai tsatsa, ba ta da kula. Ta rantse a igiya ta shanya. Na ce ta rufe min baki. Ranar ko tuwo ba ta ci ba.

La'asar, kasuwa, tumatir ya sauka. Wuta ba ta zo ba.

Bayan isha'i na leƙa ɗakinsu da maganar a bakina, na tarar ta yi barci da littafin hadda a ƙirji. Na gyara mata gidan sauro na fito. Rigar tana nan kan gadona, ban mayar da ita akwati ba.