Raɗaɗin fuska da ba a ganin rauninsa

Tun da na fara raka innata asibiti saboda raɗaɗin da ke damunta a kunci da harshe, na fahimci wuyar sha'anin ciwon da ido ba ya gani, domin har wasu 'yan uwa sun fara cewa iska ce. An ma cire mata haƙori, amma zafin bai ragu ba.

Likitan jijiyoyi ne ya bayyana mana cewa a kowane gefen fuska akwai jijiya mai rassa uku da ke kai saƙon ji daga goshi, kunci da haɓa zuwa ƙwaƙwalwa, kuma a ƙarshen zarenta akwai ƙananan ƙofofi masu gane zafi. Ɗaya daga cikinsu, TRPV1, tana buɗewa idan barkono ya taɓa harshe ko zafi ya haura digiri 43, kuma David Julius, wanda ya gano ta a 1997, ya samu kyautar Nobel a 2021 tare da Ardem Patapoutian. Idan kumburi ko raunin jijiya ya daɗe, ƙofofin nan sukan ƙaru, su riƙa buɗewa a kan abin da bai kai ya kawo ba, har kunu mai ɗumi ya zama kamar garwashi a baki.

A ganina, babbar asarar ita ce lokacin da aka ɓata ana shan maganin ciwon kai, alhali ba ya kaiwa ga tushen matsalar. Sai da aka koma ga magungunan kwantar da jijiya sannan inna ta fara samun barci.