Farin faranti ba hujja ba ne

Wannan na ƙannena ne da zan bari a ɗakin gwaji, musamman masu aiki da Bacillus subtilis, ƙwayar nan da take mayar da kalwa daddawa. Wanke kwalabe da dafa abincin ƙwaya kun iya, ba zan tsaya a kansu ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake karanta farantin rainon ƙwaya a gwajin haɗuwar furotin.

Tushen aikin kun san shi. In ƙwayar tana cikin wadata, furotin FtsZ yakan yi zobe a tsakiyarta, furotin FtsA da SepF su riƙe shi a jikin tantanin da ya kewaye ta, ta rabu biyu daidai wa daida. In yunwa ta kama ta, furotin Spo0A ya karɓi fosfet, zoben ya tashi daga tsakiya ya koma kusa da bakunan biyu, amma a gefe ɗaya kawai ake gina katanga. Katangar ta raba ƙwayar ɗaki biyu, ƙaramin ɗakin shi zai zama sifo, wato irin da yake jure yunwa da zafi. Babban kuwa uwa ce, ta haɗiye shi, ta yi masa kwanso, sannan ta fashe. SpoIIE yana bin FtsZ zuwa katangar, ya cire fosfet daga SpoIIAA, SpoIIAA kuma ya kama SpoIIAB da ke riƙe da sigma F, mai kunna ƙwayoyin halittar sifo, sai ta samu sakewa a ƙaramin ɗakin kaɗai. Duk maganar dai wa ya riƙe hannun wa ce.

Gwajin da ƙarfinmu yake kaiwa shi ne wanda Karimova da Ladant da abokan aikinsu suka fitar a 1998. An tsaga wani enzaim na Bordetella pertussis gida biyu, T18 da T25, a liƙa kowanne a jikin furotin ɗaya, a zuba su cikin E. coli BTH101 wadda ba ta da nata enzaim ɗin. In furotin biyun sun haɗu, tsagin ya koma ɗaya, ɗigon ƙwayar ya yi shuɗi a kan X-gal, sinadarin nuna launi da ake sa wa faranti. In ba haka ba ya zauna fari. Kuskuren da yake cinye wa ɗalibi zangon karatu guda shi ne ya ga fari ya rubuta cewa ba sa haɗuwa.

A Kano zafi ne mai laifi na farko. Gwajin digiri 30 yake so, kwana ɗaya zuwa biyu, ko a 37 ma rauni yake yi. Yawancin inkubetocinmu kuwa ɗumamawa kawai suka iya, ba sa sanyaya komai. A watan Afrilu, lokacin da zafin rana yake haura 40, ka saita 30 ka tafi sallar azahar hankalinka kwance, alhali cikin akwatin ɗaya yake da ɗakin, ko ma ya fi. In an ɗauke wuta, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, shi ke nan. Ku saka tamomita daban a cikin kofin ruwa a cikin akwatin, ku rubuta abin da ya nuna da safe, da azahar, da la'asar. Wanda yake da zaɓi ya ajiye wannan gwaji sai Disamba ko Janairu, hunturu ya yi masa rabin aikin.

Kada farantin shaida na zip, wato furotin da aka riga aka san yana haɗuwa, ya ruɗe ku. Haɗuwarsa ƙarfi gare ta, yakan yi shuɗi ko da yanayin ya ɗan ɓaci, sai ka ɗauka komai lafiya. Ku ƙara da wasu furotin biyu da aka san suna haɗuwa amma ba da ƙarfi ba. Kowane furotin kuma a gwada shi da tsagin da ba a liƙa wa komai ba.

Na biyu shi ne inda aka liƙa tsagin. Kowane furotin yana iya ɗaukar T18 ko T25, a ka ko a wutsiya, wato hanya 8 ke nan ga furotin biyu. Wanda ya gwada ɗaya bai yi komai ba tukuna. Wutsiyar FtsZ ita ce FtsA da SepF suke kamawa, in ka rataya mata kaya ka toshe ƙofar da kake son leƙawa. SpoIIQ da SpoIIIAH kuwa a tsakanin tantanin sifo da na uwa suke haɗuwa, in tsagin ya faɗa waje inda babu ATP, sinadarin da enzaim ɗin yake aiki da shi, fari za ka gani har ka gaji.

Akwai irin shugaban binciken da zai ɗaga faranti ɗaya ya duba a hasken taga, ya ce a rubuta a wuce, lokaci ya ƙure. Ba ya tambayar farantin shaida, ba ya buɗe littafin zafi. Ranar da mai jarrabawa daga waje ya tono maganar, sai ka ji wai ɗalibi ne bai iya aiki ba. Ba na ce ku yi musu da Malam ba. Ku dai ɗauki hoton kowane faranti da kwanan wata da awa, abin da aka umarce ku kuma ku sa shi a littafi a ranar.

Shuɗin ma yana ƙarya. Farantin da ya kwana 3 ko 4, har wanda babu komai a cikinsa yakan fara rini. E. coli kuma tana da nata FtsZ da FtsA, suna iya shiga tsakani su haɗa waɗanda ba su taɓa juna ba. A auna ƙarfin launin da lamba ta hanyar Miller, a kuma tabbatar da wata dabara daban.

Sauran ƙanana ne. Manganis da ƙarfe da kalsiyam na DSM, abincin da ke sa ƙwayar yin sifo, sai bayan an dafa ya huce ake zuba su, wanda ya manta manganis zai yi ta neman sifo bai samu ba. Gwajin zafi na tantance sifo digiri 80 ne na minti 20, a cikin ruwa, bututun ya nutse har ya wuce inda samfurin ya tsaya. Koren malakayit, rinin sifo, kada ya bushe a kan gilashi lokacin turara shi, a riƙa ɗiga wani. Ƙwayar ajiya kuma a raba ta firiza biyu da ba janareta ɗaya suke sha ba.