Batir nake saya, diril kan biyo baya

Sana'ata haɗa kabad na kicin da durowar kaya da kafa ƙofofi. Mu shida ne a ɗan kamfanin namu, ni da kafintoci uku da yara biyu masu koyo. Duk cikin kayan aikinmu babu wanda ke shan hannu kamar injin huda mai batir, wanda muke kira diril. Zarto kan wuni a rataye, amma diril daga buɗe shago har tashi yana hannun wani. Kicin guda kan ci sukuru ɗaruruwa, ga hudar hinji, ga hudar bango. Shi ya sa in abokin sana'a ya tambaye ni wanne ya fi tsakanin Makita da DeWalt da Milwaukee da Bosch, amsar ba ta fita da kalma ɗaya, sai mun zauna.

Da na fara, diril huɗu gare ni daga kamfanoni uku, kowanne da cajarsa. Wata rana muna rataye kabad ɗin sama a wani gida, babban yarona yana kan tsani, ya tallabe kabad da kafaɗa, sukuru biyu sun shiga, saura huɗu, sai diril ya yi shiru a hannunsa. Ya ce, "Maigida, miƙo batir da sauri." Na buɗe jaka, ga batir biyu cike fal, amma ko ɗaya bai shiga gindin wannan diril ba. Wanda zai karɓe su kuma yana mota. Ina kallon gumi na zuba masa, hannunsa na rawa, sai da na hau kujera na kama masa muka sauke kabad ɗin gaba ɗaya. Tun ranar na gane cewa mai sayen diril ba diril kaɗai yake saya ba, ya ɗaura wa kansa tsarin batir ne na shekaru, domin gobe zai nemi zarto da injin goge katako da fitila, kuma duk zai so su ci batir iri ɗaya.

Saboda haka abin da nake fara dubawa shi ne yadda kamfani ke riƙe alkawarin batirinsa. Makita, kamfanin Japan da aka kafa a 1915, ya fito da tsarin LXT mai 18V a 2005, kuma har yau a kansa yake ƙera sababbin kaya. Milwaukee na kan M18 da M12 tun 2008. Ryobi ya fi su duka daɗewa, bakin batirinsa na ONE+ bai sauya ba tun 1996. DeWalt ya bar tsohon batirinsa mai dogon wuya ya koma wanda ake zurawa a 2011, daga baya ya kawo batirin FlexVolt a 2016, wanda ke shiga kayan tsarin nan na yanzu. A kula, ko a gida ɗaya akan rabu: batirin XGT mai 40V na Makita ba ya shiga diril ɗin LXT.

Akwai lambar da ke ruɗa sababbin shiga. Wani kwali a rubuta 20V, wani 18V, mutum ya ɗauka na farko ya fi ƙarfi. Abu ɗaya ne. Ƙwayoyin batir biyar ne a jere, kowacce 3.6V, ka ga 18 ke nan, amma lokacin da aka cire shi daga caja kowacce tana kai 4V, shi ne 20 ɗin. DeWalt ɗin da ake sayarwa a Amurka da tambarin 20V MAX shi ne ake sayarwa a Turai da tambarin 18V XR. Lambar da ke gaya maka tsawon aikin batir ita ce Ah. Mai 5.0Ah yawanci ƙwaya goma ce a ciki, layi biyu, yana jimawa amma da nauyi. Mu masu aiki sama da kai, mai 2.0Ah muke sa wa diril, mu bar manyan ga zarto. Haka ma lambar ƙarfin murɗa da ake rubutawa da Nm, kamfanoni ba sa aunawa iri ɗaya, wasu ma lambar da ta fi girma kawai suke bugawa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ni sai na ga yadda ya tura dogon sukuru cikin busasshen katako mai tauri nake yarda.

Yanzu Makita ne a shagona, kuma ba don ya fi kowa ƙarfi ba. Mariƙinsa ya zauna mini a hannu, nauyinsa bai rinjayi gaba ba, ƙarfe biyar na yamma wuyan hannu bai yi tsami ba. Cajarsa mai sauri tana da fanka a ciki da ke hura wa batir iska, tana cika mai 5.0Ah cikin minti 45 ko kusa da haka. Kuma idan wani abu ya ci, ana samun ɗan abin shi kaɗai a sauya.

DeWalt na yi aiki da shi shekaru kafin in haɗe kayana wuri ɗaya, kuma ba ni da abin faɗa sai alheri. Jikinsa na jure wurin gini, ƙura da faɗuwa da jifa cikin mota. Manyansa suna da giya uku maimakon biyu, wanda mai huda ƙarfe da katako a rana ɗaya zai ji daɗinsa. Da aikin rufi nake yi, shi zan riƙe. Milwaukee kuwa, jerinsa na FUEL, in ana maganar ƙarfi zalla, ban riƙi wanda ya fi shi ba, masu aikin famfo da wayarin da muke haɗuwa da su a gini suna ji da shi, su da ke fasa manyan ramuka. A aikina ƙarfin ya yi yawa, nauyin ma haka. Abin da ke burge ni a wajensu shi ne ɗan ƙaramin M12, wanda ke shiga lungun kabad inda babban diril ba ya juyawa. Bosch sai an lura da launi: shuɗi na masu sana'a ne, kore na aikin gida. Wasu daga cikin shuɗayen suna tsayawa da kansu in tsinken huda ya cije. Wanda diril ya taɓa murɗe wa hannu yana fasa ramin kwaɗon ƙofa ya san darajar wannan.

Abin da ba a cika faɗa ba, tazarar da ke tsakanin ƙaramin diril da babba a kamfani ɗaya ta fi tazarar da ke tsakanin manyan kamfanonin nan huɗu. Kowannensu yana da na araha mai bakin roba, yana da na ƙoli mai bakin ƙarfe, baki shi ne wurin da ke riƙe tsinken huda. Masu kamfanonin ma sun san akwai masu saye iri biyu. Wani kamfani mai suna TTI ne ya mallaki Milwaukee tun 2005, kuma shi ke ƙera kayan Ryobi masu batir. DeWalt da Black+Decker gidansu ɗaya, kuma Black & Decker ne ya fara fito da diril mai batir a 1961. Mutumin da zai rataya labule ya gyara ƙafar kujera sau biyu a wata, Ryobi ko koren Bosch ya ishe shi har ya yi yawa, ba na ba shi shawarar ya zuba kuɗi a kan abin da ba zai mora ba. Mai cin abinci da diril kuwa lissafinsa daban ne, domin ranar da ya tsaya, mutum biyu ne suka zauna.

Na taɓa gwada na araha sosai, irin wanda ke zuwa a akwati da batir biyu da tsinke kala-kala. Wata uku ya yi lafiya. Sai baki ya fara sakin tsinke, ka matse ya zame. Sai giya ta fara tsalle, ka danna kunama, wato makunnin diril, ka ji yana gurnani amma baki ba ya juyawa. Na kwance shi a kan tebur da dare. Haƙoran giyar roba ne, sun cinye sun zama sumul, man ciki ya gauraye da garin katako ya yi baƙi kamar kwalli. Na nemi giyar ban samu ba, babu ko lambar da zan nema da ita. Diril ɗin da injinsa ke da rai haka na ajiye shi saboda ɗan abin da bai kai girman murfin kwalba ba. Yanzu kafin in saya, sai na tabbatar akwai zanen kayan cikinsa da lambobinsu, kuma ana samun baki da kunama da giya daban.

A wajenmu baki ne ke fara tafiya, sai kunama, saboda ƙura. Na fi son baki na ƙarfe mai milimita 13. Tsofaffin diril masu gawayi a ciki, wato 'yan burushin da ke kai wa injin wuta, gawayin kan cinye, ka ga tartsatsi ta ramukan iska, amma sauya shi aikin minti goma ne. Sababbin marasa gawayi ba sa zafi sosai, batir na jimawa a kansu, sun fi gajarta, kuma su nake saya yanzu. Sai dai in allon lantarkinsu ya ƙone, babu ɗan gyara, gaba ɗaya ake sauyawa, wani lokaci har da injin.

Rabin diril ɗin da na ga sun mutu, aikin da ba nasu ba ne ya kashe su. Diril mai ɗan bugu na bulo ne, ba na kankare ba. Kankare na injin huda mai bugu da ƙarfi ne, wanda ake kira SDS, tsarin da Bosch ya kawo a 1975. Dogayen sukuru kuma na injin ɗaure sukuru mai bugu ne, wanda bakinsa ke da kusurwa shida. Tun da na raba aikin uku, diril ɗina suka daina zafi a hannu. Batir kuwa zafi ne ajalinsa. Ba a barinsa cikin rufaffiyar mota da rana, ba a ɗora shi a caja yana da zafi. Na jabu ma sun cika kasuwa, launi ɗaya, rubutu ɗaya. Na taɓa karɓar guda biyu, na ɗora su a sikeli tare da na ainihi, sai ga su sun fi sauƙi. Ɗaya ya yi zafi a caja har robarsa ta lanƙwashe, da tsumma na ɗauke shi na kai waje. Daga nan ba na sayen batir sai wurin dilan da kamfani ya amince da shi, da rasit da garanti.

A kan shiryayye yanzu akwai diril biyar, injin sukuru uku, SDS ɗaya, batir goma sha biyu da caja uku, duk tsarin batir ɗaya. Kowane batir na rubuta masa lamba da watan da ya shigo da farin fenti, don in san wanda ya fara gajiya. In zan ƙara diril, gangar jiki kawai nake saya ba batir, tunda akwai su. Lamba 3 da lamba 7 sun fara sauka kafin azahar, su ne zan sauya a wata mai zuwa.